Riƙon 'Yar Kyanwa a Ingila: Yadda Muka Karɓo Gawayi da Abin da Za Ku Tanada

A gidanmu na Zariya ban taɓa ganin an fita neman kyanwa ba. Ita ke zuwa da ƙafarta. A wayi gari a gan ta bayan randa, a jefa mata kan kifi, shi ke nan ta zama 'yar gida. Don haka da ɗiyata ta ishe ni da maganar kyanwa a nan Birmingham, na zaci abin bai wuce mu shiga mota mu zaɓo ba. Ashe da sauran tafiya. Mako biyar muka yi tsakanin cika fom da ranar da 'yar kyanwarmu Gawayi ta shigo mana gida cikin kwandon roba, tana tsala kuka kamar an taka mata wutsiya.

Gidajen ceton dabbobi na ƙasar nan ba kanti ba ne, riƙo suke bayarwa. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san yadda ake ba da riƙon yaro: sai an san gidan, an san halin matar gidan, kuma idan zama ya ƙi daɗi yaro gidan iyayensa zai koma. Haka suke yi. Har takarda za ku sa wa hannu cewa idan kun gaza, su za ku mayar wa, ba ku miƙa ta ga wani ba. Da na fahimci haka sai tambayoyinsu suka daina ba ni haushi.

Wuraren nema ba su da wuya. Akwai Cats Protection, wadda aka kafa tun 1927 kuma kyanwoyi kawai take kula da su. Akwai RSPCA da ta samo asali a 1824, akwai Blue Cross, sai Battersea ga mazauna Landan, wadda ta fara da karnuka a 1860 ta buɗe wa maguna ƙofa a 1883. Bayan waɗannan akwai ƙananan ƙungiyoyin unguwa da mutum biyar ko shida ke tafiyarwa daga gidajensu, galibi a Facebook ake ganin su. Mu daga irin waɗannan muka samu. Ku nema a wurare biyu ko uku lokaci guda, domin akwai inda muka cika fom har yau ba su ce mana uffan ba.

Lokaci ma yana da tasiri. Mun fara leƙawa a Janairu, muka tarar duk manya ne. Maguna a nan da ɗumin shekara suke haihuwa, daga wajen Afrilu har zuwa kaka, a lokacin ne gidajen ke cika maƙil da jarirai. Sai muka haƙura zuwa Mayu. Kada gajen haƙuri ya kai ku ga masu talla a intanet da za su ce ku haɗu a tashar mota. Tun Afrilun 2020 dokar Ingila ta hana dillali sayar da ɗan kyanwa ko ɗan kwikwiyo da bai kai wata 6 ba, sai dai a karɓa kai tsaye daga wanda uwar ta haihu a hannunsa ko daga gidan ceto. Kuma ba a raba jariri da uwarsa kafin mako 8. Wanda aka yaye da wuri shi ne mai yawan laulayi da tsotson bargo.

Fom da binciken gida

Za su tambaye ku ko gidan naku ne ko haya kuke. Idan haya ce, ku nemi izinin mai gidan a rubuce tun kafin ku fara, kada a zo ƙarshe magana ta rushe. Za su tambayi shekarun yara, da awa nawa gidan ke zama ba kowa, da ko kuna bakin babban titi, da ko akwai fili a bayan gida. Ku faɗi gaskiya ko da kuna ganin za ta rage muku daraja. Ni da nake aikin dare a asibiti na rubuta hakan, sai suka ce ba laifi tunda akwai mutum a gida da rana. Jaririn kyanwa ba a barinsa shi kaɗai daga safe zuwa magariba, shi ya sa da yawansu suka fi son a ɗauki biyu 'yan ciki ɗaya. Mu ɗaya muka ɗauka, kuma da zan sake, biyu zan ɗauka. Ƙarfin da Gawayi ta rasa ɗan'uwan da za ta sauke wa, a kan ƙafafunmu ta sauke shi.

Binciken gidan ta bidiyo aka yi mana. Na share ko'ina, na gyara falo kamar za a kawo lefe. Matar ko kallon kujeruna ba ta yi ba. Idonta ya tsaya kan wani fure da abokan aikina suka ba ni, ta ce wannan lili ne, ya fita daga gidan yau. Ashe ganyensa da garin da ke zuba daga cikinsa, har ruwan da aka tsoma shi, duk suna kashe ƙodar kyanwa. Ko gogarsa ta yi ta lashe gashinta ya isa. Daga nan ta ce in nuna mata tagogin sama, da bayan firji, da ƙofar injin wanki.

Akwai kuɗin da ake biya. Mu kusan fam 100 muka bayar, kuma ya danganta da wuri. Abban yara ya ɗan ja baya a nan, domin ya san hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim game da hani ga kuɗin kare da na kyanwa. Malamai sun yi bayanai a kansa, da yawansu ma sun halatta cinikin, amma mu ba mu kai ga nan ba. Da aka nuna mana takardar asibiti muka ga allurar rigakafi da maganin ƙuma da na tsutsar ciki, sai ya bayyana cewa ɗawainiya muke mayarwa, kuma ko ita ba mu biya duka ba.

Ranar zaɓe

Yawancin jarirai ba a keji suke ba, suna gidajen 'yan sa-kai da ke rainon su na ɗan lokaci. Wannan alheri ne gare ku, domin mai rainon ta san halin kowanne. Ku tambaye ta wane abinci suke ci, wane irin yashi suka saba yin bayan gida a ciki, sun taɓa jin hayaniyar yara ko ƙarar injin shara. Tsakanin mako 2 zuwa 7 na rayuwarta kyanwa ke koyon sabo da mutane. Wadda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakanin za ta saki jiki da ku da wuri. Wadda aka tsinto a bayan shago bayan ta wuce haka tana iya ɗaukar watanni, kuma gida mai ƙananan yara ba lallai ya dace da ita ba.

Ku duba ta da kyau, kada kunya ta hana ku. Ido ya zama garau ba kwantsa, hanci ba majina, kunne ba baƙin datti. Ku ɗaga wutsiya ku ga ko akwai alamar zawo. Ku buɗa gashin baya, idan kun ga baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro, kashin ƙuma ne. Ciki ya kumbura kamar ganga alhali jiki a rame, tsutsa ce. Idan akwai inda gashi ya zube ya yi da'ira, ku yi tambaya, domin makero ne mai yiwuwa, kuma yara na ɗauka.

Su huɗu muka tarar. Uku masu zane, tuni an yi kamun biyu, sai wata baƙa ƙirin a lungun kwali. Mai rainon ta ce baƙaƙe ne kullum ke kwantai. Na yi mamaki, na zaci mu kaɗai ke da wannan camfin. Ashe har Cats Protection ta ware 27 ga Oktoba a matsayin ranar baƙar kyanwa tun 2011, saboda sun fi daɗewa kafin a ɗauke su. Ɗiyata ta zauna a ƙasa ba ta ce komai ba, baƙar ta taho ta hau cinyarta ta kama igiyar hijabinta da wasa. Magana ta ƙare. Da na tura wa Hajiyarmu hoton, saƙon murya ta aiko mai minti huɗu. Ta ce duk magunan Ingila na rasa wadda zan kawo gida sai baƙa, ko na manta abin da ake cewa game da su da mutanen ɓoye? Na ce mata Hajiya, ai Abu Huraira da 'yar kyanwa ya samo alkunyarsa, kuma ban ji an ambaci launi ba. Ta ce to, Allah ya tsare, amma ki riƙa tofa wa yaran addu'a.

Ɗaki ɗaya tukuna

Kuskuren da na ga ƙawayena biyu sun yi shi ne sakin kyanwa a tsakiyar falo, yara su yi mata caa. Za ta shige bayan kabad ta kwana biyu ba ci ba sha. Ku ware mata ɗaki guda mai ƙofa kafin ta iso. A kusurwa ɗaya bahon yashi, a ɗaya kusurwar kwanon abinci, ruwa kuma ɗan nesa da abincin, domin mage ba ta son cin abinci kusa da makewayinta, kuma ta fi shan ruwa idan ba a manne yake da kwanon ci ba. Ku ajiye kwali a kife da ƙofa a yanke, wurin ɓuya ke nan. Ku roƙi mai rainon ta ba ku tsumman da take kwana a kai, warin da ta sani ne. Sai turken da aka naɗe da igiya don wasa farce. Idan babu shi, kujerun falo ne turkenta. Cire wa kyanwa farce haramun ne a dokar ƙasar nan, kada ma ku tambayi likita.

Idan kun iso, ku ajiye kwandon a ƙasa ku buɗe, ku ja baya. Kada ku zaro ta. Gawayi ta yi awa uku kafin ta leƙo. Na kafa wa yara doka: mutum ɗaya a lokaci guda, a zaune a ƙasa, ba ɗauka sai ta zo da kanta. A kwana na uku autana ya fito da gudu yana cewa tana ƙara kamar janareta. Gurnanin nan ne na jin daɗi, wanda kakata ke cewa zikiri suke yi. Bayan mako guda muka fara buɗe mata sauran ɗakuna ɗaya bayan ɗaya.

Kyanwar Lami da ba ta cizo ba ta yakushi a bakin masu karin magana kawai take. Jaririya za ta ciji, za ta yakusa, haka take koyon farauta. Dabarar ita ce kada a taɓa yi mata wasa da yatsu ko ƙafa. A sami sanda mai gashin tsuntsu a ƙarshe, ta huce a kansa. Idan ta kama hannu, a daina motsi, a tashi a bar ta. Duka ko tsawa tsoronku kawai za su koya mata.

Ci da sha

Magunan gidanmu tuwo da miya suke ci suna rayuwa, amma mun manta cewa da dare suna cike gurbi da ɓera da ƙadangare. Ta cikin gidan bene ba ta da wannan. Kyanwa maciyar nama ce zalla, jikinta na buƙatar wani sinadari da ake kira taurin wanda a nama ake samu, rashinsa na lalata ido da zuciya. Ku sayi abincin da aka rubuta na jarirai ne kuma cikakke, ta ci shi har ta shekara. Sau 4 a rana zuwa wata 3, sau 3 zuwa wata 6, daga nan sau 2. Ku fara da irin wanda ta saba, idan za ku sauya ku riƙa gaurayawa a hankali cikin mako guda. Ni nakan karanta bayan leda in kauce wa mai naman alade, saboda kwanukan a kicin ɗina ake wanke su.

Madarar shanu kuwa a'a, duk da abin da muka taso muna gani. Yawancinsu ba sa narkar da ita, zawo take sa su. Ruwa ya wadatar.

Kicin ɗin Bahaushiya cike yake da abin da ke cutar da ita. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa mata ƙwayoyin jini, don haka sauran miya da romo ba nata ba ne, balle kilishi mai yaji. Ƙashin kaza dafaffe na tsagewa ya soke hanji. Goro da shayi da cakulan duk guba ne a gare ta. Mafi hatsari shi ne farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, kuma na san halinmu na ɓallo rabin ƙwaya mu ba duk abin da ya yi zazzaɓi. Haka maganin ƙumar kare, akwai masu sinadarin fametirin da ke sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu. Zare da allura ma ku ɓoye, domin idan ta haɗiyi zare yakan tattare hanji, sai an yi tiyata. Turaren wuta ya fi komai yi mini wuya. Hayaƙi na takura mata numfashi, ga garwashi a kasko. Yanzu sai na rufe ta a wani ɗaki nake turara gida, in buɗe taga kafin ta fito.

Bahon yashi da tsarki

Ba sai kun koya mata ba, uwarta ta riga ku. Ku dai nuna mata inda yake bayan ta ci abinci. Ga jarirai ku guji yashin da ke dunƙulewa idan ya jiƙe, saboda sukan ɗanɗana. A kwashe ƙazanta kullum, a wanke bahon duk mako. Idan da hali ku ajiye biyu. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, ko ta sa safar hannu, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin mage mai iya taɓa ɗan tayi. Kwashewar kullum tana rage hatsarin, domin sai kashin ya kwana ƙwayar ke zama mai kamawa.

Ta fuskar ibada, jikinta da sauran ruwan da ta sha masu tsarki ne, hadisin Abu Ƙatada na cikin Muwaɗɗa ya ce tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu. Fitsarinta da kashinta ne najasa. Ku sani dai darduma a shimfiɗe gayyata ce. Gawayi ba ta taɓa bari na yi sujadar asuba ba ta zo ta zauna daidai inda goshina zai sauka ba. Ninke darduma bayan sallama ya zama doka a gidan.

Asibiti

Ku yi mata rajista da likitan dabbobi a makon farko, ku tafi da katin da aka ba ku. Allurar farko a wajen mako 9 ake yi, ta biyu bayan mako 3 zuwa 4, sannan a riƙa sabuntawa. Suna kare ta daga murar maguna da wata cutar hanji mai saurin kisa, ga kuma ta sankarar jini ga wadda za ta riƙa fita. Akwai cif, wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fatar wuya don a gane mai kyanwar idan ta ɓace. Daga 10 ga Yunin 2024 ta zama tilas a Ingila kafin kyanwa ta cika mako 20, kuma tarar ƙin yi na iya kai fam 500. Galibi gidan ceton ya riga ya saka, aikinku shi ne ku tabbatar an mayar da ita kan sunanku da lambar wayarku, ku kuma sabunta idan kun tashi.

Aikin hana haihuwa sharaɗi ne a takardar da kuka sa wa hannu. A wata 4 ake yi, domin tun daga nan macen na iya ɗaukar ciki, cikin na mako 9 ne kacal, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Muzuru kuma idan ba a yi masa fiɗiya ba zai riƙa fesa fitsari a bango yana yawon faɗa. Mun tambayi malamin masallacinmu, ya ce akwai saɓani, amma akwai malaman da suka halatta idan don kauce wa cuta ne kuma ba a azabtar da dabbar ba. Gawayi ta je da safe ta dawo da yamma, washegari tana tsalle.

Ku yi inshora tun tana lafiya. A nan ba asibitin gwamnati na kyauta ga dabba, karaya ɗaya na iya cinye albashin wata. Idan jaririya ta ƙi abinci wuni guda, ko tana amai da zawo tare, ko ta yi laƙwas, kada ku jira gobe, ƙaramin jiki ba ya jure rashin ruwa. Ga 'yan'uwa da ke gida Najeriya ko Nijar da suka tsinci jaririya a lungu, maganar allurai da kula da lafiyar nan ta shafe ku, da ƙarin allurar ciwon haukan kare idan ta kai wata 3. 'Yan Zariya kuna da asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello.

Ba ta fita waje sai an gama allurai an yi aikin hana haihuwa. Ranar farko ku buɗe ƙofa kafin lokacin cin abinci, tana jin yunwa, ku tsaya tare da ita, bayan 'yan mintuna ku kaɗa kwano ta dawo.

Abin da ban yi tunaninsa ba sai da ya zo shi ne tafiya gida. Mukan yi mako shida a Zariya lokacin dogon hutu, kuma kyanwa na iya shekara 15, wasu har 20. Tafiya da ita da dawo da ita doguwar hanya ce ta allura da gwajin jini da takardu, ba ta taso ba. Ko dai ku biya gidan ajiyar maguna, wanda ake lissafawa kwana-kwana kuma sai an nuna katin rigakafi, ko ku sami maƙwabcin da zai riƙa shigowa safe da yamma. Ku daidaita wannan tun kafin ku cika fom. Mu wata ƙawata 'yar Maraɗi ce ke karɓar mabuɗi, ni kuma in dawo mata da kuka da daddawa. A tafiyarmu ta bara, Hajiya ce da kanta ke cewa a kira a ji ko baƙar nan ta ci abinci.